Rabin Maki

Tara da rabi.
Haka aka liƙa a bangon lise da rana tsaka,
sunan Tsahara can ƙasa, kusa da inda takarda ta yage.
Goma ake nema.
Rabi ne ya tsaya a ƙofa ya ce ba shiga,
rabin da ko gishirin dala biyar ya fi shi nauyi.
Ta dawo Garin Malam a ƙasa, ta ƙi kabu-kabu,
ta ajiye kuɗin motar a kan tabarma
kamar bashin da ta ci wa gidan.

Ni kawunta ne, kuma na san rabi.
Shekara talatin da ɗoriya, a filin kokowa,
na cafke Ɗan Gwamma na Mirriya a ƙugu,
na ɗaga shi har ya hango duwatsun Birni,
makaɗa sun riga sun sa sunana a bakin ganga,
sai gwiwoyina suka shafi yashi.
Shafa kawai, kamar mai taimama.
Alƙali ya busa usur.
Tun ranar ban sake ɗaura laya a damtse ba.
Na ce wa mutane ƙafa ce ke ciwo.
Ba ƙafa ba ce.

Yanzu ni ke riƙe wa yaran unguwa lissafi
in suna ƙwallo a gindin dutse:
gawayi a hannu, kowane ci zane ɗaya.
Su yi ta musu har magariba,
wai ta wuce ta saman takalmin da aka kafa raga,
wai ba ta wuce ba.
Ruwan farko na damina ya zo ya wanke duka.

Ban ce mata haƙuri ba.
Haƙuri ya yi yawa a gidan, har ana tuntuɓe da shi.
Kwana arba'in littattafai na ƙarƙashin gado
suna abota da gara.

Famfonmu ba ya zuwa sai biyun dare,
in ya ga dama.
Jarkoki sun yi layi kamar masu jiran albashi,
mu kuma muna gyangyaɗi a bayansu.
A wani dare irin wannan,
famfo ya yi tari, ya tofa iska, ya yi shiru,
sai na ga haske kaɗan a ƙarshen layi:
Tsahara, kan jarka ruwan ɗorawa,
fitilar salula a haƙora,
littafin lissafi buɗe a cinya,
tana goge wani kuskure da yawun yatsa.
Ba ganga, ba usur, ba mai guɗa.
Kare ɗaya ne ya wuce, shi ma bai duba ba.

Malam Nomau mai dara a bakin Kasuwar Dole
ya taɓa ce mini:
wasa ba ya juyawa a inda aka ci ɗa,
ya juya tun taku uku baya,
lokacin da kowa ke kallon mai shayi.

Wata tara ke nan tana bin layin famfo da biro.
Gobe za a sake liƙawa.
Uwarta ta kasa cin tuwo,
ita kuwa ta yi wanki, ta shanya, ta kwanta.

Ni ne barci ya ƙi.
Na lallaɓa zuwa filin kokowa, babu kowa,
sai ledoji da sawun awaki.
Na sa gwiwoyina biyu a yashi, da gangan,
na ji sanyinsa ya ratsa ƙashi.
Sannan na dafa ƙasa, na miƙe.
Ta hagu ta yi ƙara.

Na laluba aljihu, akwai guntun gawayi.
Na ja zane ɗaya a jikin bango,
ban rubuta sunan kowa ba.