Talatar Fito

Duk bayan mako uku, ranar Talata,
tun zakara bai gyara murya ba,
Nibaldo yakan tada tsohuwar motarmu,
mu bar tsibirin Chiloé yana barci,
mu bi layin jirgin fito.
Ruwan nan bai taɓa sanin ladabi ba,
yanzu cikina ma ya koyi halinsa.

A asibitin Puerto Montt, hawa na biyu,
kujeru tara ne, tawa ce ta jikin taga.
Yasna takan shafa bayan hannuna
tana lallashin jijiya kamar mai kiran kyanwa.
"Doña Eduvigis, yau ma sun ɓuya."
"Sun fi ni wayo, 'yata."
Sai jan ruwan ya fara sauka,
ɗis, ɗis,
dafin da aka ce in riƙe shi aboki.

Shekara arba'in ina saƙa wa mutane hular ulu,
ban taɓa saƙa tawa ba
sai ranar da matashin kai ya wayi gari da gashi
kaina kuwa fayau.

Ya Yesu, ba zan ɓoye maka ba,
ka san ni tun ina tsintar dankali a gonar babana.
Akwai daren da bokiti na rungume, ba gicciye ba,
bakina ɗanɗanon tsohuwar ƙusa,
na ce, "Kana ina?"
Kuma ba da ladabi na faɗa ba.
Ka yi shiru.
Ruwan sama kaɗai ke dukan kwanon rufi.

Da safe sai ga tukunya a bakin ƙofa,
romon kifi, da sauran zafinsa, an naɗe da tsumma.
Ba wanda ya yi sallama.
Amma na gane murfin, mai lanƙwasasshen kunne:
na Ubaldina ne,
wadda muka shekara shida ba ma ga-maciji
kan tunkiyata da ta cinye mata kabeji.
Na zauna a dokin ƙofa ina dariya har hawaye.
Ashe haka kake amsawa?
Duk tukwanen garin nan, sai tata?

A kujera ta huɗu akwai Don Heriberto,
tsohon direban bas, ba ruwansa da coci.
Yakan ce, "In za ki yi addu'ar, yi a hankali,
kada ya ji sunana ya tuna bashi."
Na fara masa hula, shuɗiya.
Wata Talata na tarar da wata yarinya a wurin,
tana rawar ɗari, uwarta na riƙe da takalmanta.
Ban tambaya ba.
Yasna ma ba ta ɗago kai ba.
Na warware layi uku, na rage faɗin,
ta zauna wa yarinyar daidai.
Sunansa kuwa, yanzu da ƙarfi nake faɗa maka shi.

Ran Lahadi cocinmu na katako
yana ƙanshin itacen da ya sha ruwa.
Gwiwa ta ƙi durƙuso, na bar ta.
Waƙa ma a tsakiya numfashi ke yanke mini,
sai na baya su ƙarasa.
Ɗan gutsuren gurasar nan da ake ɗora mini a harshe
shi kaɗai cikina bai taɓa yi wa gardama ba.

Likita ya ce saura biyu, sannan a ɗauki hoto.
Bai yi alkawari ba, ni ma ban roƙe shi ba.
Na dai sa Nibaldo ya shuka dankalin bana,
har da kunyar da na saba tonawa da hannuna.

Da yamma jirgin fito yana tangaɗi,
fitilun tsibiri suna nitso suna ɓullowa.
An ce kai ma ka taɓa barci a jirgi
ruwa yana hauka.
Matsa mini kaɗan.
Na gaji.