Sanda ta Uku

Ran Talata suka kira ni, bayan an riga an faɗi.
Haka sana'ata take, ba a tuna ni sai an ji ƙara.
Na hau matakala casa'in na tudun Valparaíso
da akwatin sufana, gwiwata na gunaguni,
har ɗakin motsa jiki na Ximena Oyarzún,
hawa na biyu, saman gidan burodi.

Sandunan rawa biyar a tsaye, daga daɓe zuwa rufi,
madubi ya mayar da su goma.
Ta uku ce a kwance.
Samanta rami, kamar gurbin haƙori,
garin filasta ya yi fari a ƙasa,
a cikinsa sawun ƙafa ɗaya, ba takalmi.

"Maite ce," in ji Ximena. "Ma'aikaciyar jinya.
Da dare take zuwa, in ta tashi daga aiki.
Kai a ƙasa, ƙafafu a sama,
ta saki hannu, yadda na koya mata."
Ta haɗiye yawu.
"Ƙashin kafaɗa. A ɗakin da take duba marasa lafiya
aka kwantar da ita."

Na jingina tsani, na zura hannu cikin ramin.
Iska na taɓo.
Ba kankare, ba azara,
allon silin ne, kaurinsa bai kai yatsa ba,
shi aka ba amanar wuyan mutum.
Noti huɗu ya kamata. Biyu na tsinta,
ɗaya ma na ƙofar kabad ne.

Shekara talatin na yi ina walda a tashar jiragen ruwa.
Ƙarfen kirki, in ka ƙwanƙwasa shi, yana amsa sallama.
Wannan tari ya yi, kamar gwangwanin madara.
Fatar azurfar ta fara ɓarewa a tsakiya,
daidai inda cinya ke kamawa,
bakinta kaifin reza,
gishirin teku ya shige ta ƙarƙashi,
tsatsa na cin tuwonta a ɓoye.

Na ce, wa ya kafa?
Ta ce wani saurayi ne mai farar mota,
rabin kuɗi, wuni ɗaya, ba rasit,
lambarsa yanzu a kashe.
Ban ce mata araha ba ta ado ba.
Idonta ya riga ni faɗa.

Maƙwabta na cewa tsautsayi ne.
Tsautsayi ba ya sayen gajeren noti.
Kuma garin nan ƙasarsa ba ta barci mai nauyi,
tana juyi cikin dare, kofuna su yi magana a kan kanta,
kowane juyi na kwance zare kaurin gashi.
Wa ke bi ya ɗaure?

Kwana huɗu na yi a wurin.
Na fasa silin har na ga ƙashin ginin,
na gicciya ƙarfe, na huda, na ɗaure,
biyu daga cikin biyar na ce su tafi bola.
Ximena ta ƙirga kuɗin sau biyu, ta sayar da kekenta.

Da na gama na cire takalmi,
na rungumi kowace sanda da kilo casa'in nawa,
na ɗage ƙafa, na yi lilo kamar buhun albasa.
Ɗalibai suka fashe da dariya a bakin ƙofa.
Ku dara, 'ya'yana. Gara ni.

Na bar mata sufana mai lamba goma sha uku
rataye da jan zare kusa da makunnin fitila.
Kowace safiya, kafin kiɗa,
girgiza su ɗaya ɗaya, ki kasa kunne.

Ina sauka na haɗu da wata a matakala,
hannu a rataye cikin farin ƙyalle.
Ta dubi akwatina, ta dubi sama.
"Ta ukun," in ji ta, "ka mayar da ita?"
Na ce na mayar.
Ta ci gaba da hawa.