Ɗumin Zare

Ƙarfe biyun dare a Unguwar Sanusi,
janareto na tari a bayan shago,
na gama haɗa waƙar Asabe a kwamfuta.
Sau bakwai ina saurare.
Fes take, kamar daɓen asibiti:
ga tsabta, ga sanyi, ba wurin zama.
Muryarta ce, amma an wanke ta da omo,
kalangun kuwa ya koma ƙwanƙwasa ƙofa.

Da safe na nufi Kasuwar Barci,
rumfar Baba Jatau mai gyaran rediyo,
wanda yatsunsa duk tabon dalma ne.
Ya jawo wata na'ura daga ƙarƙashin benci
mai faifai biyu kamar idanun mujiya,
ya goge ta da gefen riga, ya ce,
"Wannan ta girme ka. Gaishe ta."
Dubu arba'in, ban da kuɗin bel.
Na taya, ya ce albarka. Na biya.

Na jona waya, na zauna jira
har 'yan kwalaben cikinta suka yi ja
kamar garwashin mai gasa masara a gadar Kawo.
Sannan na kora waƙar ta bi ta zare,
na ɗan matsa mata
har allura ta leƙa cikin ja ta dawo.

Wani siririn shuuu ya shimfiɗu a ƙasa,
irin na yayyafi a kan kwano.
Kaifin kuge ya kwanta.
Gindin ganga ya yi ƙiba.
A baiti na uku muryar ta ɗan yi rawa
inda zaren ya taɓa miƙewa
tun ban san hannun damana ba.
Na kai yatsa zan gyara,
na fasa.

Gari ɗaya ne, ruwa ɗaya,
amma wanda ya ci tuwon murhu
ya san abin da gas ya hana shi.

Asabe ta zo bayan la'asar,
ta toshe kunnuwa da na'urar ji, ta lumshe ido.
"Me ka ƙara?"
Na ce, "Datti kaɗan."
Ba ta yi dariya ba.
Sai da waƙar ta ƙare ta ce,
"Haka innata take yi
in tana tankaɗe, ta ɗauka ba mai ji."

Nan aka ɗauke wuta.
Faifan suka ja numfashi, suka tsaya.
Na ɗora tafin hannu a bayan na'urar:
da sauran ɗumi,
kamar goshin yaro mai barci.