Lissafin Hawan Dutse

Takardar ta zo ran Laraba,
an naɗe ta huɗu, ta jiƙe da gumin aljihu:
mako uku a duwatsun Mandara,
daga Mokolo har Rumsiki, a ƙafa,
wanda ya jure ya zama ɗan jagora.
A ƙasa an jero kayan da za a zo da su.
Na karanta sau biyu, na taɓa aljihuna.

Jaka talatin gare ni, sefa,
kuɗin wankin babura a Domayo,
wata biyar hannuna cikin kumfa.

Takalmi tukuna.
Sabo jaka goma sha takwas, in ji mai shago,
bai ko ɗago kai daga wayarsa ba.
Na gangara layin 'yan gwanjo,
Gambo ya zazzage buhu a gabana,
na tono wani mai wuya, mai haƙora a tafinsa,
na hagu ya ɗan fi na dama yalwa,
a cikin harshensa wani ya rubuta sunansa da biro,
ruwa ya cinye rabin sunan.
Bakwai da rabi. Na ce bakwai. Ya rantse. Na biya.
Ko waye kai, mai rabin suna,
ina fata gida ka koma da ƙafafunka.

Jakar goyo kuwa, wai jaka ɗaya,
sai da ta haɗiye jaka tara.
Rigar ruwa huɗu, ruwan ɗorawa,
don a hango mutum in hazo ya rufe kwari.
Safa ƙafa uku, jaka da rabi.
Tocilar goshi biyu da rabi,
na ɗaura ta, yaran kasuwa suka ce ga likita.
Gorar ƙarfe biyu.
Wuƙa na ƙi ta kanti,
na je wurin Barau maƙeri,
jaka guda, har da kube,
ya aske gashin hannunsa da ita don in shaida.

Bargo na aro wurin Iliya,
yana warin hayaƙin kifi, haka zan rufa.
Gidan sauro na kwance nawa na ɗaki,
ramukansa uku ƙanwata Kande ta ɗinke.

Na zauna bakin Mayo Kaliyawo,
rairayi ne zalla, ba ɗigon ruwa,
na yi lissafi da tsinke:
ashirin da bakwai da rabi sun tafi,
biyu da rabi na mota ne, ba a taɓa su.
Shi ke nan. Ƙasa ta share.

Saura abu ɗaya a gindin takarda,
ƙarami, kamar an tuna da shi ne daga baya:
usur, dala ɗari.
Na ce wannan wasan yara ne, a bar shi.

Da dare Inna ta ce in karanto mata.
Tana tsince shinkafa, ina jero suna da kuɗi,
ba ta ce uffan ba a kan takalmi,
ba ta ce uffan ba a kan jaka.
Da na zo ƙarshe na yi sauri.
Ta ce, koma. Na mene ne shi?
Na ce, in mutum ya ɓace ne,
ko ya faɗa tsakanin duwatsu murya ta ƙare,
sai ya busa sau uku.

Hannunta ya tsaya cikin faifai.

Da safe miyarmu ba nama.
Kusa da kwanona ga shi nan, ja, na roba,
ta zura masa zaren da take ɗaure kuɗin adashe.
Ta rataya mini a wuya da kanta,
ta ja ƙullin da haƙori.

Busa, in ji ta.
Na ce, Inna, mutane na barci.
Ta ce, busa in san muryarsa.

Na busa.
Awaki suka watse, zakara ya haye katanga,
maƙwabci ya leƙo da buta a hannu.
Ita ko ta rufe ido, ta karkata kunne,
ta ce, ƙara ɗaya.