Inda Ya Tsaya

A Valparaíso gidajenmu rataye suke a jikin tudu
kamar shanya.
Matakala ɗari da sha tara daga bakin titi zuwa ƙofata.
Shekara arba'in Evaristo yana hawan su
da littafi a hammata,
ɗaya-ɗaya, aikin tururuwa,
har kanta ta cika, ta yi ciki, ta lanƙwashe.
Ya rasu a watan Yuli, ana ruwa.
Ya bar mini su, da tarinsa na asuba a kunne.

Sai yanar ido ta sauko mini.
Baƙaƙe suka koma kiyashi,
in kai musu yatsa, su watse.
Jikata Maite ta hawo da haki ranar Lahadi,
ta ajiye wani abu a kan tebur,
bai fi marfin tukunya ba.
Ta ce, "Kaka, littafi dubu ne a ciki."
Na ce, "Dubu? To ina ƙamshinsu?"
Na shinshina. Kwali da kanti kawai.

Ta taɓa gilashin sau biyu,
sai ga baƙi ya kumbura ya kai ƙwayar wake.
Na karanta layi guda ba tabarau.
Ban ce mata uffan ba,
na tashi na ɗora ruwan shayi
don kada ta ga fuskata.

Amma abin nan ba shi da gefe.
Evaristo mai gardama ne da marubuta,
da fensir yake tare su:
"Ƙarya."
"Wannan bai taɓa shiga teku ba."
Wani wurin kuma sunana kawai, Ofelia, ba dalili.
Akwai shafin da man kifi ya ɗiga.
Akwai tikitin jirgin ƙasa zuwa Limache
a shafi na ɗari biyu da shida,
inda ya tsaya.
Na'ura ma tana tuna inda na tsaya,
sai dai ba ta san abin da ya tsayar da ni ba.

Daren da ƙasa ta girgiza
kanta ta amayar da cikinta gaba ɗaya.
Wuta ta ɗauke daga kan tudu har tashar jiragen ruwa.
Muka fito matakala da barguna,
ni da Nélida mai gasa burodi da 'ya'yan Baltasar uku,
ƙaramin yana kuka, karnuka na amsa masa.
Ba kyandir, ba ashana.
Abin da hannuna ya rarumo a duhu
marfin tukunyar nan ne na Maite.
Na taɓa shi, wata ya fito a tafin hannuna.
Na karanta musu labarin wani matuƙi da ya yi ɓatan kai
har yaron ya yi barci a cinyata,
har gari ya waye a kan rufin kwano.

Da safe na tsince littattafan.
Wasu sun karye a gadon baya.
Maite ta ce a kira mai saye da kilo.
Na ce wanda ya hawo da su bai auna ba.
An ce sabo turken wawa.
Na ji. A bar ni a turkena.

Yanzu ga yadda muke yi:
ni in riƙe gilashi, ita ta riƙe takarda,
littafi ɗaya, kujera biyu.
In na kai ƙarshen shafi sai in ce, "Me ya ce a nan?"
Ta karkata shi wajen taga, ta ƙanƙance ido,
ta ce, "Ya ce ƙarya ne."
Mu yi dariya.

Jiya muka iso ɗari biyu da shida.
Ta ɗaga tikitin, ta dube ni.
Daga nan gaba gefen fari ne fat.
Na ce, "Mayar da shi inda yake.
Ga fensir can a cikin kofi.
Juya shafi,
ki rubuta abin da zan faɗa."