Babur ɗin Kofur Barau

Birmingham, hawa na uku, tagar na kallon titi.
Tun la'asar ake yayyafi, ba ya ƙaruwa, ba ya ɗaukewa.
Na dawo daga tuƙin bas, na ture kwanon miya gefe,
na buɗe kwalin:
gutsattsarin roba ɗari da arba'in da biyu,
kowanne da lambarsa, sun jeru kamar ranar fareti.

A nan garin aka ƙera na gasken,
can Small Heath, inda nake sauke fasinja kullum.
Kakana Kofur Barau ya hau shi a dajin Bama,
wasiƙa a jaka, taɓo har gwiwa.
Hoto ɗaya ya bar mana,
shi ma gara ta cinye tayar baya.

Tabarau a karan hanci, hantsaki a hannu.
Sarƙar ba ta kai tsinken sakace kauri ba.
Gam ya haɗe mini yatsu biyu,
na yi tsaki a hankali don kar in tashi Tasalla.
Fitilar gaba ta yi tsalle ta shige kafet,
ga ni da furfurata ina rarrafe, ina lalube,
har sai da na ji ta manne a gwiwar wandona.

Dare na tara, tankin mai ya zauna daram.
Na shafa kore mai duhu,
na kwaɓa garin shayi da gam na yi masa laka,
don babur mai tsabta bai je ko'ina ba.

Saura mahayin.
Ɗan mutum ne, tsawonsa gaɓa biyu na yatsa.
Takardar ta ce: lamba goma sha biyar, launin fata.
Na buɗe kwalbar, sai ga ruwan hoda.
Na daɗe ina dubanta.
Sannan na ɗiga baƙi, na ɗiga ja, na juya, na ƙara baƙi,
har ya koma kalar hannun da ya taɓa miƙo mini dabino.
Da bakin reza, numfashi a riƙe,
na ja masa zane uku a kowane kunci.

Da asuba Tasalla ta fito tana murza ido.
"Baba, yana tafiya?"
Na ce a'a.
Sai na tsinci leɓena yana kaɗawa,
bu-bu-bu-bu,
yadda tsohon yake yi mana a zaure, haƙoransa jajur da goro.
Ta ɗora yatsa a kan sirdin, ta tura shi
ya wuce gwangwanin madara,
ya nufi bakin tebur.