Ɗaki na Sha Huɗu, Lamu

Sun ba ni mabuɗi ɗaure da ɗan katako
da aka sassaƙa kamar kifi.
Yaron da ya ɗauko jakata ya ja labule,
ya ce, "Mama, daga nan ana ganin teku duka."
Na gyaɗa kai kawai.
Taku arba'in daga inda ya dire jakar
aka binne cibiyata.

Inda suka haƙa kwamin ninkaya,
nan babana, Shee Fumo, yake kwantar da jirage a gefe,
yana cusa auduga a tsagar katako,
yana shafe ta da man kifi
mai warin da sabulu bai taɓa cin galabarsa ba.
Yanzu ruwan wurin shuɗi ne, ba ɗigon gishiri.
Wata Baturiya na kwance a bakinsa,
ta kifa littafi a fuska.

Shekara ashirin da shida a Maskat
ina wanke iyayen wasu, ina juya su a gado,
kafin na tara kuɗin kwana uku
a kan filin da muka sayar
a shekarar da ƙirjin Baba ya ƙi magani.

Gadon ya yi laushi da yawa.
Na shimfiɗa zanena a ƙasa, na kashe na'urar sanyi,
na buɗe taga don kukan jakuna ya shigo,
da ƙamshin gahawa mai citta daga lungu,
da muryar ladanin da ban sani ba
yana kira da lafazin wanda na sani.

Da asuba teku ya ja da baya,
ya bar tarkacensa a fili kamar mai ƙaura.
Wani tsoho cikin rigar ma'aikata
yana share ciyawar ruwa kafin baƙi su tashi,
wai kada su ga teku bai wanke ido ba.
Ya tsaya. Ya dubi tafiyata, ba fuskata ba.
"Mwanakombo? Ƙafar hagun nan ba ta canja ba."
Athman ne, wanda ya koya mini kama ƙaguwa
ba tare da ta kama ni ba.
An hana shi zama da baƙi,
sai muka yi hirar a tsaye,
shi yana shara, ni ina bin sawun tsintsiya.
Ya lissafa mini matattu. Sun fi masu rai.

"Kin ga ƙofarku?" in ji shi.
Na ce wace ƙofa.

Tana ɗakin cin abinci, bayan teburin 'ya'yan itace.
An goge ta, an sa mata fitila daga sama,
furannin da aka sassaƙa a jikinta suna ƙyalli.
An kafe ta a bango.
Ba ta buɗewa, ba ta rufewa,
bayanta siminti ne.
Na durƙusa kamar mai neman ɗan kunne,
can ƙasa, kusa da dokin ƙofa,
ga jirgin da na zana da ƙusa ina 'yar shekara bakwai,
wanda na sha bulala uku a kansa.
Har yanzu filafilansa a karkace yake.

Mai kawo abinci ta ce, "Mama, ba a taɓawa."
Na janye hannu. Na ci mangwaro.

Ran tafiya suka miƙo mini takarda:
tsabta, abinci, fara'ar ma'aikata,
kowanne da taurari biyar a gabansa.
Na cike musu duka, ba su yi mini laifi ba.
A layin ƙarshe an tambaya,
"Daga ina kika zo mana?"
Na riƙe biron har mai kwalekwale ya fara kira.
Athman yana can bakin ruwa,
teku ya dawo da duk abin da ya share.